Amanar Tasalla

Tasalla ta tafi bautar ƙasa,
ta bar mini takarda ɗaya, mesa ɗaya,
da wani ɗan agogo maras ƙararrawa
wanda ba lokaci yake faɗa ba, laima yake aunawa.
"Baba, kada allurar ta wuce sittin."
Ta ja layi biyu a ƙasan maganar.

Yau tamanin da huɗu.

Marka ta yi zaman dirshan a Samaru kwana tara,
Kubanni ta cika ta batse,
gishiri ya jiƙe a gwangwani,
ashana ta ƙi kamawa,
ƙofar ɗaki ta kumbura, sai an sa kafaɗa.
Gilashin akwatin na ta gumi
kamar murfin tukunyar dambu,
ɗigo na bin ɗigo.
Shiru kuwa, sunan da ta raɗa mata ke nan,
ta naɗe a lungu kamar gammo.

Shekara talatin na yi ina tsaron iri a sito a Shika,
na san halin laima:
ba ta sallama, ba ta ɓalle ƙofa,
fumfuna kawai za ka tarar da safe.
Na ɗaga ɓawon kwakwar da ke ƙarƙashinta,
ga shi nan fari-fari, da warin tsohon buhu.

Na buga waya. Layi na yankewa.
"Duba cikinta, Baba, in ka ga ja..."
Ruwa ya cinye sauran.

Duba cikinta!
Ni da ko tsaka ban taɓa taɓawa ba.
Na yi bisimilla, na sa hannu biyu.
Sanyi, nauyi,
kamar igiyar guga da ta kwana a rijiya.
Ta zaro harshe ta ɗanɗani numfashina,
ba ta ce uffan ba.
Ciki fari tas, sai tabo guda
da bai kai ƙwayar gero ba.

To, sai aiki.
Na kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa na zubar,
na goge gilashi da tsohuwar singileti,
na jera jaridun bara, busassu ƙayau.
Kwanon ruwanta mai faɗin faranti
na musanya da ƙarami,
na janye shi daga ɓangaren ɗumi.
Tanimu kafinta ya zo daga Kwangila,
ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje:
"Miƙo murfin kawai, Malam."
Ya huda, ya buga raga,
bai tsaya ƙirga canjinsa ba.
Gawayi a kwando kusa da akwati,
wannan dabarar sito ce, ba ta cikin takarda.
Fanka kuma, sai yadda masu wuta suka ga dama.

Kande ta leƙo ta katanga:
"Ka kai wa gardawa ka huta mana."
Na ce amana ce.
Ta ce amana mai harshe biyu?
Ban tanka ba, ina kallon allura.

Saba'in da tara da la'asar.
Saba'in da ɗaya bayan isha'i.
Na farka da asuba, kafin alwala na haska tocila:
sittin cif.
Na yi dariya ni kaɗai a cikin duhu
kamar wanda ya ci kiriket da damina... a'a,
kamar wanda ya ci damina a dara.

Kwana uku sai idon Shiru ya dushe,
wani shuɗi-shuɗi kamar ruwan tsari.
Gabana ya faɗi. Na sake bugawa.
Wannan karon muryarta ta fito tar:
"Ba ciwo ba ne, saɓa za ta yi.
Ƙara mata laima kaɗan, Baba,
in ta bushe fatar ba za ta fita ba."

Na daɗe riƙe da wayar.
A waje an soma yayyafi.
Na tsoma yatsu a kofi,
na yarfa a kan jaridun da na sha wuyar busarwa,
ina cewa a hankali,
ke da uwar ɗakinki duk halinku ɗaya.